Na Raka Surukina Kaduna

A tashar Kawo muka sauka bayan la'asar, cikin shekarun nan na fari da suka cinye mana shanu da gero. Motar katako ce ta kwaso mu daga Katsina, mu da buhunan albasa. Kowa ya dira yana kaɗe riga, sai mutum ɗaya. Surukina ya tsaya a bakin bodi yana auna ƙasa da ido, don shi dirowa ba tasa ba ce. Karen mota ya ɗaga murya ya ce, "Baba, sauko mana, ko kayan naka sai an kira 'yan dako?" Tasha ta ɗauki dariya. Ni kuwa na juya baya na ƙura wa wata mai ƙosai ido, kamar ita na zo gani Kaduna. Wani baƙo da ban san sunansa ba shi ya tallafe shi ya sauko.

Gwaiwa ce da shi. Sai da na yi furfura hannuna ya iya rubuta kalmar nan a kansa, sunansa kuwa har yanzu ba zai shiga takardar nan ba, Baba zan ci gaba da ce masa. Ya daɗe da abin, yana noma da shi, yana kiwo da shi. Da farin nan ya zo aka shiga yasar rijiyoyi da ɗaga shanun da suka kasa tashi, sai ta ƙaru har ta kai ƙwaryar fura, tafiya ta zama sai da tale ƙafa. Wani falke mai goro ya ce a Kaduna asibitin gwamnati na yin aikinta, mutum ya koma kamar ba a yi ba. Baba ba shi da ɗa namiji a gida, wanda ya rage masa ya tafi kurmi, shiru har lokacin. Ni kuma dama cin rani ya zame mini dole. Matata Zulai, 'yarsa ta fari, magana ɗaya ta yi mini: "Ka kai shi, ka maido mini shi."

Wanda bai tashi a ƙauyukanmu na arewa da Maraɗi ba zai ce wannan ai ƙaramin aiki ne. A wurinmu miji ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya zama a tabarmarsa, in sun yi kiciɓis a hanya sai ya tuɓe takalmi ya ratse ya tsuguna. In 'yar fari ka aura, abin ya ninka. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana, sai ya dubi bango ya ce, "A zo." Ni kuma ba na ce masa "ka", sai "an": an tashi lahiya, an ci abinci, an gaji. To ka duba mutum biyu irin waɗannan, a ce su ne za su bar ƙasarsu su shiga wata neman maganin abin da ke cikin wando. Tun daga gida har Kawo ko sau ɗaya ba mu ambaci abin da ya fito da mu ba.

Kaduna ta fara cin mu tun a tashar. Wani mai magani ya baza kwalabe a tabarma, da zanen mutum mai gwaiwa har gwiwa, yana ta kururuwa da lasifika. Idonsa ya faɗa kan tafiyar Baba, sai ya ajiye lasifikar ya biyo ni, ni ba shi ba. Ɗan duniya ne, ya karanta abin da ke tsakaninmu nan take. Ya ja ni gefe ya ce, "Surukinka ne ko? Na gani a tsugunonka. Me zai kai dattijo asibiti a tuɓe shi gaban mata? Ga gari nan, a dama masa a kunu, ba mai gani, ba mai ji, za ta tsotse da kanta." Wallahi ji na yi kamar uwata ce ta aiko shi. Na kwance guzurinmu na ba shi kaso mai tsoka. Baba ya sha garin nan har ya ƙare, bai tambaye ni na mene ne ba, ni ma ban faɗa ba. Gudawa ya samu, gwaiwa tana nan yadda take. Da na koma tashar neman mutumin, wani mai gyaran takalma na tarar a gurbinsa.

Rigasa muka yada zango, a lokacin ba ta wuce ƙauye mai bunƙasa ba. Akwai wani gida da mutanen ƙasarmu suka cika, 'yan ga-ruwa da masu yankan farce da masu gadi, duk fari ya koro mu. Aka raɓa Baba a ɗakin wasu dattawa, ni na shimfiɗa buhu a rumfa. Na sami aikin ɗaukar kwaɓa a wani gini a hanyar Mando, kusa da sansanin sojojin sama. Sammako nake yi a ƙasa, in dawo ƙafafuna sun yi fari fat da siminti. Jiragen nan in sun taso ta kanmu sai na sunkuya, 'yan'uwana leburori su yi ta dariya suna ce mini Bafaranshe, sunan da suke kiran 'yan ƙasarmu da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciyawa. Rani ne, amma ga ciyawa nan a bakin hanya har ƙugu, wasu ma wuta suke sa mata don ta dame su. Sai in tuna saniyar Zulai da ta mutu da tsumma a baki. Na yi kewar gida ƙwarai, gidan da ba komai a cikinsa sai yunwa.

A Rigasa akwai wani mutum da ake kira mai huda. An ce ya taɓa shara a asibiti, ya fito da wata ƙatuwar allura. Yana soka ta a gwaiwa ruwa ya tsiyaye a kwano, mutum ya tashi sakayau. Wani mai gadi a gidanmu ya je, ya dawo yana tsalle, bayan 'yan makonni ta sake cika masa, amma wannan bai hana dattawan ɗakin matsa wa Baba ba. Su suka shirya, su suka kai shi, ni dai na ba da abin da aka ce in ba da. Ba a jima ba suka dawo suna faɗa. Ashe da Baba ya ga mai hudar sa'an ɗansa ne, sai ya riƙe mazagin wandonsa ya ce shi a'a. Na ji haushinsa ranar, ban da bakin faɗa.

Sai muka nufi asibiti. Ba zan faɗi sunansa ba, ba su yi mana laifi ba. Layi ne tun daga bakin ƙofa har gindin wani mangwaro. A ƙarshen layin akwai tebur, a bayan teburin wata yarinya mai farar hula, ba ta kai Zulai a shekaru ba, ita ke tambayar kowa abin da ya kawo shi, da ƙarfi don hayaniya. Baba yana sanye da babbar riga, ni ina bayansa, bayana kuma mata da 'ya'ya.

Ta ce, "Baba, me ke damunka?"

Ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya.

Ya ce, "Ciki ne, ɗiyata."

Ta rubuta. Aka tura shi wani ɗaki, ya fito da ƙwayoyi a ƙunshin takarda. Daga baya na ji na tsutsar ciki ne. Muka kama hanyar Rigasa, shi a gaba yana tale ƙafa, ni a baya nesa kaɗan. Da muka iso na tsuguna na ce, "An ga likita?" Ya ce, "An gani." Na ce, "Allah ya ba da lahiya." Ya ce, "Amin." Iyakar shawarar da muka yi ke nan.

Wando ne ya sama mana hanya. Wata safiya na tashi na tarar da wandon Baba a naɗe a bakin buhuna, ya ɓarke daga tsakiya. Na gane nufinsa. Bayan an tashi aiki na bi wani abokin aikina Badarawa, ya nuna mini shagon wani tela, Malam Tanimu, Bazazzagi, gajere mai bakin magana. Ya ware wandon ya ɗaga shi sama, ya dubi inda ya buɗe da inda ya goge, ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Ba naka ba ne. Mai wandon nan ɗan ƙungiyarmu ne. Ina yake?"

Na ce, "Wace ƙungiya?"

Ya ce, "Ta masu ɗaukar kaya ba lada. Ni ma na yi shugabanci a cikinta, bara na yi murabus."

Ban taɓa jin mutum yana maganar abin nan kamar yana maganar farashin yadi ba. Yana taka keke yana ba ni labari, ni ina duban ƙasa. Ya ce tasa ruwa ce. Likita ya ja labule, ya ɗora tocila ta baya, abin ya yi ja wur kamar an kunna fitila a cikin ƙwarya. "Ya ce in dai haske ya ratsa, ruwa ne. Suka yanka, suka zubar, suka ɗinke. Ɗinkin ma bai kai nawa kyau ba, amma na yafe musu." Ya ce akwai wata kuma da ba ruwa ba ce, hanji ne ke gangarowa daga ciki ya sauka cikin maraina, ita ce kaba. Ita haske ba ya ratsa ta, in mutum ya yi tari tana motsi, in ya kwanta takan koma da ƙugi.

"Ta Baban naka wacce ce? In ya kwanta tana raguwa?"

Na ce, "Ban sani ba."

"In ya yi tari fa?"

Na ce, "Malam, surukina ne."

Ya tsayar da keken. Ya ce, "La ilaha illallahu. Kuma kai aka haɗa shi da kai? Wa ya yi wannan aika-aika?" Da na ba shi labarin mai huda sai ya dafe kai, ya ce in da kaba ce, da allurar nan hanji za ta samu, da tuni mun yi zaman makoki. Ka ji, kunya ta cece shi a wannan karon, shi ya sa ban yi saurin tsine mata ba.

Tanimu bai karɓi ko kwabo a ɗinkin ba. Ya ce akwai ɗaki a zauren gidansa, buhunan gawayi ne a ciki, mu kwashe mu shiga, ya fi kusa da asibiti da kuma wurin aikina. Haka muka koma Badarawa. Baba a ɗaki, ni a zaure bakin ƙofarsa. Maiɗakin Tanimu ba ta fita, ba mu taɓa ganin fuskarta ba, amma kullum tuwo na fitowa kwano biyu, don ta ji labarin ba ma ci tare. Shi kuwa Tanimu ya zama bakinmu. Ya shiga wurin Baba su yi ta hira har in ji dariyar Baba, wadda rabona da ita tun shanu na raye. Ya fito ya ce mini, "Ya ce tana komawa in ya kwanta, amma ba duka ba." In ce, "A ce masa kada ya ji komai game da abinci, aiki na tafiya." Ya shiga ya faɗa. Taku biyu ne tsakanina da Baba, amma sai magana ta bi ta Zazzau.

Tanimu ya san wani nas namiji a asibitin, shi ya yi masa jinya bara. Ya kai mu har wurinsa, ya faɗi abin da ke tafe da mu da sunansa, ba kwana-kwana. Babbar salla ta matso, ɗinki ya yi masa yawa, sai ya damƙa mu a hannun nas ɗin ya koma shago. Nas ɗin ya shiga da Baba wurin likita, wani Ba'indiye mai gilashi. Na zauna a benci. Can sai ya leƙo ya ce, "Ina ɗan'uwansa? Ya shigo, likita zai yi bayani." Na miƙe har na kai bakin ƙofa. Ta gefen labule na hango wandon nan da Tanimu ya ɗinke a rataye a kujera. Ƙafata ta ƙi. Na koma benci na zauna. Nas ɗin ya sake kira, ya duba, ga layi na jiransa, ya saki labulen.

Da yamma Tanimu ya kawo mini sakamako daga ɗaki. Kaba ce. Haske bai ratsa ba. Za a yi masa tiyata, amma gadaje sun cika, sai bayan salla. An ce kada ya ɗauki abu mai nauyi. Na ce, "Shi ke nan abin da aka ce?" Ya ce, "Shi ke nan abin da ya faɗa mini." Na yi murna ranar. Har na fara tsara yadda za mu shiga gari, Baba yana tafe ƙafa a haɗe, Zulai ta fito ta gani.

Ana jajibirin salla Tanimu ya tafi garinsu wajen Zariya gaida mahaifiyarsa, ya ce ba zai daɗe ba. Ranar salla maƙwabta suka haɗu suka yi watandar sa. Ma'aikatan ofis ne yawancinsu, masu biro a aljihu. Suka kewaye san nan da igiya, wannan ya ja nan, wancan ya ja can, sa yana jan su duka, yara na ihu. Baba yana zaune a dakali yana kallo. Mutum ne da ya kayar da shanu tun kafin a haife ni, garkensa ya ƙare a gaban idonsa, ga kuma sa mai rai da ƙiba ana wulaƙanta shi. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Kafin in ankara ya miƙe, ya karɓi igiyar, ya zarga ta a ƙafar baya, ya kama ƙaho ya murɗa. Sa ya faɗi tim. Unguwa ta ɗauki kabbara da tafi, wani ya ce, "Kai, Baba Bafaranshe ya iya!" Tunda muka zo Kaduna ban ga fuskarsa da haske irin na lokacin ba. Ya tsaya jim, ya dafa bango, ya shige ɗaki a hankali.

Aka aiko masa da tsoka mai kyau. Maiɗakin Tanimu ta soya ta aiko. Na ajiye a bakin ƙofa, na ja baya. Da na dawo kwanon na nan a rufe. Na ji kakarin amai.

Na tsuguna na ce, "An ji jiki?"

Ya ce, "Ciki ne. Zai wuce."

Na tafi na jiƙo kanwa na ajiye a bakin ƙofa. Hannu ya fito ya ɗauka. Ba a jima ba ya amayar da ita. Washegari ba aiki, na wuni a zauren nan. Waje ana ta kiɗa da ɗaukar nama, yara na wucewa da sababbin kaya, ni ina jin numfashinsa ta cikin asabari. Ba ya kuka, wani irin nishi ne yake dannewa don ya san ina nan. In na yi motsi sai ya yi tsit. Na gane in ina kusa ba zai ma iya nishi ba, sai na koma dakalin waje don ya samu ya yi.

Na dawo na ce, "A kira wani?"

"A bari."

"A tahi asibiti?"

"Sun ce bayan salla."

Haka ne, sun ce bayan salla, ni ma abin da na sani ke nan. Na sayo man zafi, na sayo lemon tsami, na karɓo rubutu wurin limamin unguwa. Duk a bakin ƙofa nake ajiyewa. Warin da ke fitowa daga ɗakin ya sauya, ba na amai kawai ba ne. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron da ban taɓa ji ba ko a shekarar da muka binne yara a jere. Amma hannuna bai ɗaga asabarin nan ba. An koya mini tun ina yaro cewa mutumin kirki ba ya yi, kuma ni a mutumin kirki aka san ni.

Tanimu ya dawo da rana tsaka, da ƙunshin nama a hannu, yana shirin tsokanata. Ya shaƙi iskar zauren, ya jefar da ƙunshin, ya banke asabarin ya shiga. Na ji ya ce, "Baba, yi haƙuri," sannan na ji salatinsa. Ya fito idonsa jajur.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar salla."

"Ta yi tauri kamar dutse, cikinsa ya kumbura kamar ganga, kai kana nan kana tsugunno! Nemo mota!"

A bayan wata a-kori-kura muka kai shi. Nas ɗin nan yana bakin aiki. Yana ɗaga mayafin ya juyo kaina a fusace. "Mun gaya masa! Likita ya faɗa, na fassara masa sau biyu. In ta yi tauri, in ta ƙi komawa, in amai ya zo, a kawo shi a take, kada a jira ranar da aka sa. Hanji ne ya shaƙe, jini ba ya kai masa. Shi ya sa muke kiran ɗan'uwa, don mai ciwo ba ya kawo kansa. Na kira, wa ya shigo?" Tanimu ma bai san wannan ba, tasa ruwa ce, ruwa ba ya shaƙewa.

Gadon da babu sai ga shi ya samu. Suka shiga da shi nan da nan, kuma na shaida sun yi iyakar yinsu. Da aka fito nas ɗin ya ce hanjin ya riga ya yi baƙi, sun yanke wanda ya mutu sun haɗa sauran, amma dafin ya shiga jiki. Ya ce da a ranar sallar ne, da aiki ne na sauƙi, da yanzu yana neman kunu. Ban san ko don ya huce ya faɗa mini haka ba, ko don in sani. Na dai sani.

Baba ya yi 'yan kwanaki a gadon nan, da robar ruwa a hannu da wata a hanci. Zazzaɓi na hawa na sauka. A asibiti ba zaure, dole na zauna a ƙasa kusa da ƙafafun gadon. Wata hantsi hankalinsa ya dawo sosai. Ya juya fuska ga bango kamar yadda ya saba. Ban san inda na sami ƙarfin ba, na ce, "Baba, likita ya yi gargaɗi. Mi ya sa ba a hwaɗa mini ba?"

Ya ce, "Da wane baki?"

Na ce, "Ko ga Malam Tanimu."

Ya ce, "Da ya hwaɗa maka. Da kullum idonka na kaina, kana tambaya ta koma ko ba ta koma ba. Gara wannan." Ya huta, ya ce, "A gaya ma yarinyar nan ta yi haƙuri. A ce mata ba a wulaƙanta ni ba."

Bai sake magana mai ma'ana ba. Shanu ya yi ta kira da sunayensu har ya cika. Tanimu da liman suka yi masa wanka, Tanimu ya ɗinka likkafanin da hannunsa, ya ƙi karɓar komai. Ma'aikatan nan da ya kayar wa sa su suka ɗauki makara. Aka binne shi a maƙabartar unguwa, cikin mutanen da bai sani ba, a ƙasa ja mai danshi wadda da a garinmu take da an shuka gero a kanta.

Na aika da labari ta hannun wani falke, ni kuwa na kasa tafiya. Na koma ɗaukar kwaɓa a Mando. Na ce sai na tara abin komawa, amma ƙarya nake yi wa kaina, fuskar Zulai nake gudu. Tanimu ya daina tsokanata, wannan ya fi mini ciwo fiye da zaginsa. Sai da hadarin farko ya haɗu ya ce mini, "Isuhu, matarka ta rasa uba, kada ta rasa miji a kan abu ɗaya. Tashi ka tafi." Ya raka ni Kawo. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko yana raye ba.

Na isa gari na tarar labari ya riga ni, kuma ya yi kyau a hanya. Falken ya faɗa musu yadda na ciyar da Baba da gumina, yadda na kwana a bakin ƙofarsa, yadda ko a baƙuwar ƙasa ban taɓa zama a tabarmarsa ba. Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Da mutane suka watse na shiga wurin Zulai. Ta rame, ta yi baƙi. Ta ajiye mini ruwa, ta koma gefe ta zauna.

Ta ce, "Ya sha wuya?"

Na ce, "Ya sha."

"Kana ina?"

Na ce, "Ina bakin ƙohwa." Na faɗa mata duka, labulen asibiti, da kiran da aka yi ban shiga ba, da kwanakin salla, da abin da nas ya ce. Ban rage komai ba. So nake ta tashi ta shaƙe ni, ta ce na kashe mata uba, ko na sami wanda zai ce abin da aka yi ba daidai ba ne.

Ta share ido da bakin zane, ta ce, "Allah ya saka maka da alheri. Ka ruhwa mashi asiri."

Har yau in an ɗaura aure a garinmu, tsofaffi sukan kamo hannun ango su nuna ni, su ce ga yadda ake riƙon suruki, ya yi koyi. Ni kuwa sai in tashi in bar wurin, su kuma su ce kunya ce.